Ɗigo Uku Kafin Matakala

Zuwa ga Kawu mai fenti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma tarin da aka ce yana damunka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Auta ce, 'yar Inna ta ƙarshe, wadda ka bari tana rarrafe lokacin da ka tafi ƙasar waje. Inna ta ce kakanka da kakanta wa da ƙani ne, kuma shekara goma ka yi a gidan nan a hannunta. Na nemi lambar wayarka, aka ce ko an kira ba ka ji, ƙarar injina a tashar jirgin ruwa ta cinye maka kunne. To ga takarda.

Idon Inna ya tafi gaba ɗaya shekara shida ke nan, amma kada ka ji tausayinta, don ba ta so. Da kanta take fitowa daga ɗaki, ta dafa katakon baranda, ta bi shi har matakala, ta sauka tsakar gida, ta je bayi, ta dawo gindin bishiya tana yi wa kowa faɗa. Baƙo sai ya yi rabin awa bai gane ba ta gani ba, kuma da wannan take taƙama.

Katakon nan ne ya sa na rubuto. Tun rasuwar Baba ba wanda ya shafa masa fenti. Yanzu fentin yana ɓarewa, feshin ruwan sama yana shiga, ƙarshensa na wajen matakala ya yi baƙi yana warin danshi. Yayana Direba ya ce a cire a kira mai walda ya sa na ƙarfe, a huta. Inna ta ce hannunta bai san ƙarfe ba, kuma ba ta da shekarun koyon sabon aboki. Direba ya ba ni zuwa faɗuwar damina, in ban gyara ba zai kawo mai waldarsa.

Ni tela ce, Kawu, ban taɓa riƙe buroshi ba. Ga hotuna shida na sa a ciki, akwai wanda na sa babban yatsana don ka ga girman ɓarnar. Ka gaya min gaskiya, zai gyaru?

Taka,
Auta

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai tarin, wanda mun saba da juna kamar tsofaffin maƙwabta. Na tuna ki sarai, ke ce mai cinye min takalmi. Zumuntarmu sai an hau tsani ake hango ta, amma tuwon hannun Yaya, innarki, da na ci ya fi ƙarfin lissafin kakanni. Ki gaishe ta, ki ce mata idon da ya tafi ya gaji da ganin shirmenmu ne.

Ki ce wa Direba ya tsaya a kan sitiyarinsa. Katakon nan bai mutu ba, ƙishirwa ce ta yi masa yawa ya sha abin da bai kamata ba. Ki sami ƙusa ki danna a wurin da ya yi baƙi. In ta tsaya a sama, lafiya. In ta nutse kamar cikin burodi, ki kira kafinta ya yanke daidai nan ya yi ƙari.

Sannan ki saurara, don ba na faɗa sau biyu. Kada ki kuskura ki shafa sabon fenti a kan tsoho. Wannan kamar ki ɗinka sabuwar riga ce ki sa wa wanda bai yi wanka ba. Ki kankare komai har katako ya fito tas, ki bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har sai kin shafa da bayan hannu kin ji sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ki bar shi ya bushe. In kina son sanin ko ya bushe, ki ɗaure leda a wuri ɗaya ta kwana. In kin ga gumi a cikinta da safe, ki ƙara haƙuri.

Bayan nan sai fentin shimfiɗa, wanda muke kira firaima. Shi ne mai shiga jikin katako ya toshe ƙofofin ruwa, na sama kwalliya ce kawai. Ki shafa har ƙasan katakon inda ido ba ya gani, ki shayar da bakin yanka sau biyu, don ta nan katako yake shan ruwa. Ki cike tsaga da foti, kwaɓin nan na toshe rami a katako. Sannan fentin mai sau biyu, siriri siriri, kada cikin tsakar rana. Kan buroshi kawai ake tsomawa, ba wanka ake yi masa ba.

Akwai abin da ya ɓata min rai a hoto na huɗu. Kusa da yatsanki akwai ɗigon fenti uku da suka zubo a gefe suka daskare, kowanne kamar ƙwayar wake. Shekara arba'in ina korar ma'aikata a kan abin da bai kai wannan ba. Ko wane ne ya yi wannan aiki, da wutsiyar jaki ya yi shi, Allah ya shirye shi in yana raye. Su za ki fara kankarewa.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai hannuwana da suka yi kanta, har allura tana zame min.

Na karanta wa Inna takardarka. Da na zo kan wutsiyar jaki, sai na tsallake maganar kankarewa don dariya ta riga ta kama ta, har da riƙe ciki. Da ta sami numfashi ta ce in gaya maka mai wutsiyar jakin yana raye, yana tari a bakin teku. Wai kai ne, Kawu! Ta ce kana ɗan shekara goma sha shida Baba ya gama katakon ya ba ka gwangwanin kore, ka tsoma buroshi har wuya. Da Baba ya ga ɗigon ya ɗauko bulala, ita ce ta tare ta ce ita ta bangaje ka da tire. Ta ce daga baya Baba ya yi ta shafa fenti a kai duk bayan 'yan shekaru, bai taɓa kankarewa ba, ɗigon suka yi ta ƙiba.

Gaskiyarta ne, don da nake kankara na ƙirga kala bakwai. Ruwan ƙasa, shuɗi iri biyu, wani fari da ya koma ruwan madara, har na iso korenka a can ƙasa. Ƙusa ba ta nutse ba sai a ƙarshe, tsawon taƙi ɗaya, kafinta ya yi ƙari. Leda ta yi gumi kwana huɗu, ran na biyar ta tashi a bushe, na yi ta nuna wa maƙwabta kamar na ci jarrabawa.

Jiya na gama firaima, har ƙasa, har bakin yanka sau biyu. Katakon ya yi fari sumul, da ka gani da ka ɗauke ni aiki. Tunda na fara, ni nake kama hannun Inna in kai ta tsakar gida don kada ta dafa ɗanyen fenti, tana ta mita wai na mai da ita kaya. Na ce ta yi haƙuri mako guda. Direba ya zo ya zagaya, ya tafi bai ambaci mai walda ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Taka,
Auta

*

Kawu,

Gaisuwa. Ba ni da tsawon magana yau.

Fenti ya bushe ranar Talata. Laraba da safe Inna ta fita ita kaɗai kamar yadda ta saba, ta dafa katako, ta bi shi, ta wuce bakin matakala ba ta tsaya ba. Ta faɗi tsakar gida. Ba karaya, amma wuyan hannu ya gurɗe, gwiwa ta kumbura. Da na ɗaga ta abin da kawai ta ce shi ne, "Ina ɗigon yaron nan?"

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba, ga abin da ya faru.

Auta

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba tari ba. Yau mako biyar ke nan ina leƙa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga ƙofa.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka, sai na ji kunya ta rufe ni. Wallahi Kawu ba laifi nake ɗora maka ba. Abin da nake nufi shi ne na yi iya ƙoƙarina kuma ban san inda na kuskure ba. In maganar ta yi maka zafi ka yafe min, ɗa na kowa ne.

Hannun ya warke, gwiwa ma ta sace. Abin da bai warke ba shi ne Inna ta daina fita. Mako biyu ta ƙi gaya min komai, sai ran da nake tsefe mata kai ta buɗe baki. Ashe duk shekara shidan nan ba taku take ƙirgawa ba, kamar yadda ta bar mu muna zato. Babban yatsanta take bi da shi a gefen katako, in ya taɓa ɗigo ukun nan ta san saura taku biyu ta sauka. Na ce Inna, kina jin ƙarar kankara kwana da kwanaki, me ya hana ki faɗa? Ta ce ta ɗauka ba wanda zai iya cire abin da ya shekara arba'in da biyar, kuma ba ta so a san da abin da take gani. Ni ma da laifina, da na karanta mata takardarka har ƙarshen layin, ai da ta hana ni kankarewa.

Na gwada dabaru. Na ɗaura ƙyalle a wurin, ta ce ita ba akuya ba ce. Na buga ƙusoshi uku masu faɗin kai, ta ce duk baƙon da ya shigo zai tambaya na mene ne, a ce na makauniya ne. Na cire, na toshe ramukan da foti da firaima kamar yadda ka koya min. Na gwada ɗiga fenti da kaina, ya baje ya kwanta, ko ni mai ido da kyar nake jin sa.

Yanzu sai na kama hannunta take zuwa bayi, kuma ba ta son kira, sai ta rage shan ruwa don kada ta dame ni ina kan keke. Gindin bishiya kujerarta tana nan ba kowa. Ba ta yi wa kowa faɗa, Kawu, ko Direba ya shigo sai ta amsa gaisuwa ta juya bango. Wannan shirun ya fi faɗuwar tsorata ni.

An yi ruwan farko shekaranjiya. Ruwa ya tsaya a kan katako ƙwaya ƙwaya yana gangarewa, ko ɗigo bai shiga ba. Na tsaya ina kallo ina kuka, na ceci katako na rasa mai dafa shi.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Taka,
Auta

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Ina raye, tarin ma yana gaishe ki. Takardunki uku duk sun zo. Wannan tana tafe da ɗan ƙunshi, kada ki buɗe shi da wuƙa.

Ba zan ɓoye miki ba, gajeriyar takardarki ta soke ni. Na karanta layin nan na ƙarshe ya fi sau ashirin, kowane karatu ina jin kina cewa kai ka kayar da ita. Ban yi fushi da ke ba, don na ga gaskiya ce ko ba ki nufa ba. Ni na ce su za ki fara kankarewa. Matar da ta shiga tsakanina da bulala, ni na cire mata hanya daga nesa da alƙalami, ina cika baki. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na ɗauki biro sau uku, na ga ba kalmar da za ta kai ta gindin bishiya, sai na ajiye na tafi wurin kafinta.

Tun daga tambayar da ta yi kan ɗigon bayan ta faɗi na gane komai. Na sa aka fere min ɗan katako siriri kamar rula, na shayar da shi firaima ta kowane gefe, na kafa shi a bayan ɗakina. Sai ga abin dariya. Auta, na kasa yin ɗigo! Ina tsoma buroshi, hannuna da kansa yake share shi a bakin gwangwani. In fenti ya fara zubowa, kafin in yi tunani na riga na bi shi na gyara. Shekara arba'in na horar da hannun nan, ran da na roƙe shi ya yi shirme ya ƙi. Katako huɗu na ɓata da kyakkyawan aiki. Mai gidan da nake haya ya leƙo ya ga tsoho yana zagin hannunsa, ya koma a hankali ya rufe ƙofa.

A na biyar na koma hannun hagu, na tsoma har wuya, na rufe ido na tuna ina sauri in gama in tafi ƙwallo. Sai ga su sun zubo, uku, na tsakiya ya fi tsawo, kamar yadda suke a hoto na huɗu.

Naki ya baje ne don ɗigo ɗaya ba ya ƙiba a rana ɗaya. Kin ce kin ƙirga kala bakwai. To sai da na bar su suka bushe har ciki, na shafa fenti a kai, na jira kwana biyar, na sake, har sau bakwai, ina gwada girmansu da yatsanki na cikin hoto. Abin da ya taru a shekara arba'in da biyar na yi a mako shida, ba yadda za a yi ya fi haka sauri. Ya kamata in rubuto in ce ki jira. Na ji tsoron in yi alkawari abin ya ƙi, kuma tsufa bai hana ni wauta ba. Ki yafe min shirun.

Ga yadda za a yi. A hoton, ɗigon suna tsakanin sanda ta biyu da ta uku cikin masu tokare katakon, in an ƙirga daga matakala, a gefen ciki. Kafinta ya fafe gurbi daidai kaurin katakon, kada ya ɗara. Ki shafa firaima a cikin gurbin sau biyu, don sabon rauni ne kuma damina ta sauka. Ki zaunar da shi, ki cike gefuna da foti, ki goge har yatsa ya kasa jin haɗin, amma samfefa kada ta kusanci ɗigon, ko da wasa. Sannan fenti ɗaya a kai, kalar sauran. Baƙo ba zai ga komai ba, sai dai ya ce mai fentinku ba shi da hannu.

Kada ki ce mata daga wurina ne. In bai yi ba, kada ta ji kunyar ƙi.

Kawunki, mai wutsiyar jaki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma wannan karon da gaske nake faɗa. Ba abin yafewa tsakaninmu, in ma akwai mun yi canjaras.

Ƙunshi ya iso ba ko ƙwarzane. Kafinta ya yi ta juya shi yana tambaya wane ne ya aiko da ɓarna daga ƙasar waje, na ce ya yi aikinsa kawai. Sai da muka jira rana biyu ba ruwa kafin na sa firaima a gurbin, na rufe da leda daga sama saboda feshi. Na bi sauran yadda ka ce. Kwana shida ina hana kowa taɓawa.

Ban ce mata komai ba. Jiya da hantsi ta ce in kai ta bayi, na kama hannunta na hagu, na matsa da ita jikin katako yadda na dama zai faɗa a kai da kansa. Da farko ta ɗage shi kamar ta taɓa wuta. Can sai ta dafa, muna tafiya a hankali, ina kallon babban yatsanta yana bin gefe. Da ya isa wurin ta tsaya cak.

Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake. Sannan ta zare hannunta daga nawa, ta yi taku biyu, ta sauka. Ni ce na kusa faɗuwa. Ta je bayi ta fito, ta wuce gindin bishiya ta zauna, ta tambaya wane malalaci ne ya bar ganye ya taru a kujerarta. Direba ya shigo ana cikin haka, ta wanke shi tas a kan bai zo ba kwana uku. Ya fito yana murmushi yana share ido, wai ƙura ce.

Da yamma ta kira ni ta ce in ɗauko biro. Na ce Inna, ni fa na yi su. Ta ce in rufe mata baki, ita ta san hannun da ta yi ƙarya dominsa. Ga saƙonta, ban ƙara ban rage ba:

"Ka ji, shekara arba'in da biyar, ka tsallaka teku, ka yi furfura, har yau ba ka iya fenti ba. Allah ya yi maka albarka."

Yau da safe an yi ruwa mai yawa, katako bai sha ko kaɗan ba. Da aka ɗauke ta fito ita kaɗai. Na lura tana daɗewa a wurin fiye da yadda take yi a da, yatsanta a kai, kafin ta sauka. Ban tambaye ta ba.

Ka sha maganin tarinka. Ta ce ɗakinka na da yana nan, kuma tagarsa ma tana ɓarewa.

Taka har kullum,
Auta